Labarin da Begila Ba Ta Buga Ba

"Ki rantse min tukuna," in ji Celestina.

Muna zaune a wurin shan shayi na asibiti a Birmingham, wayata tana ajiye a tsakaninmu kusa da kofunan takarda. Kwananta biyu ba ta koma gida ba. Rigar sanyinta ta yamutse, idanunta sun yi ja. Can a bene na uku 'yarta Shalom, mai shekara huɗu, tana kwance da robar shaƙar iska a fuska. Karo na uku ke nan da asma ta kawo su tun da sanyi ya fara shigowa.

"Haba Maman Shalom," na ce, "ni fa ba yau na fara aikin jarida ba."

"Na sani, Anti Raki. Amma ki rantse. Da Allahnki, ai shi ne nawa."

Na rantse. Na ce wallahi ba kunnen da zai ji wannan murya sai nawa, naɗa kawai zan yi don kada in sa mata a baki abin da ba ta faɗa ba. Na ce zan canza sunanta, ba zan ambaci barikin ba, ko shekarun yarinyar ma sai na ƙara. Har da ɗan ɗaure fuska na faɗa, irin na wadda aka raina wa sana'a. Sannan na danna, ta fara magana.

Minti goma sha tara ta yi. Mijinta Kambai laskofur ne a sojan Birtaniya, mutumin Kagoro. An ba su gida a rukunin gidajen iyalan sojoji, tafiyar minti arba'in daga cikin gari. Daga waje gidan tsaf. Daga ciki kuwa fumfuna ce, baƙa ƙirin, ta cinye bangon ɗakin yarinyar tun daga ƙasa har silin. Akwai wani kamfani da aka ba kwangilar gyaran gidajen. In ta kira su sai su ba ta wata lamba ta rubuta, bayan sati uku wani ya zo da soso da bokiti ya goge bangon, ya kama gabansa.

"Na ƙarshen da ya zo, kin san abin da ya ce min? Wai mun cika dafe-dafe, tururin tukunya ne. Wai in riƙa buɗe window. A Oktoba fa, Anti! GP, wato likitanmu, ya rubuta letter, ya ce gidan ne ke tayar mata da ciwon. Na tura musu. Shiru."

"Sauran matan fa?"

"Gida goma sha biyu ne a layinmu, tara duk haka suke. Amma wa zai buɗe baki? Ana ta raɗa cewa duk matar da ta cika complain, a report ɗin mijinta zai fito. Ko gaskiya ne ko ƙarya, wa zai gwada da nasa? Baban Shalom yana jiran ƙarin girma, muna jiran papers ɗinmu na zama. Shi ma bai san na kira ki ba. In ya ji, ban san inda zan sa kaina ba."

A nan muryarta ta karye. Ta danne bakinta da gefen gyale, injin kofi yana ta huci a bayanmu. Da ta samu numfashi sai ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yarinyar ta fara tsoron ɗakinta, in an zo kwantar da ita sai ta riƙe ƙofa tana cewa, "Mummy, the wall is dirty again."

Na kashe naɗin, na kama hannunta, na ce ta bar min sauran.

*

Ni ce editar Begila. Kada sunan ya ruɗe ku, ba wata babbar jarida ba ce. Shafi ne a intanet, sau biyu a wata, da Turanci, sai in karanta manyan labaran da Hausa a rarraba ta WhatsApp. Masu karanta mu sojoji ne 'yan Afirka ta Yamma da ke aiki a rundunar ƙasar nan, da matansu, da waɗanda suka yi ritaya. Duka-duka ba su kai dubu biyu ba. Ofishinmu shi ne teburin cin abincina a Perry Barr. Amma in abu ya fito a Begila da safe, kafin azahar ya zagaye barikoki, don ita kaɗai ce ke magana da su ba da bakin hukuma ba.

Ƙungiyar iyalan sojojin ce ta kafa ta. Shugaban ƙungiyar, Baba Nyam, samanja ne mai ritaya, mutumin Bukuru, shekararsa ashirin da biyu cikin kaki. Shi da hannunsa ya rubuta doka ta farko a kundin jaridar: ba wani ɗan kwamiti da zai ga labari kafin a buga, ko da shi ne. Yakan ce ya gaji da mujallun bariki da ba abin da ke cikinsu sai hoton manya suna yanka kek.

Abin dariyar kuma, digirin da nake yi a uni, wato jami'ar da ke Edgbaston, a kan 'yancin 'yan jarida ne. Duk Talata nake koya wa 'yan aji ɗaya yadda ake rufa wa mai ba da labari asiri. Har wata murya ta musamman gare ni da nake faɗa da ita, mai nauyi, ina kallon su ɗaya bayan ɗaya.

Sati uku na yi a kan labarin. Ta hannun Celestina na samu wasu mata bakwai a layin, kowace sai da na lallashe ta kamar mai neman aure. Suka turo hotuna: katifa da ta yi kore, takalmin makaranta da ya yi gashi, bayan labule baƙi kamar gindin tukunya. Na tura wa kamfanin tambayoyi goma sha ɗaya kamar yadda aiki ya tanada, suka amsa da layi biyu cewa suna ɗaukar lafiyar iyalai da muhimmanci. Ranar Juma'a na gama. Na tsara zai fita Litinin, uku ga Nuwamba.

Asabar kuma ranar zuwa gaisuwa ce.

Sai na faɗi ko wane ne Baba Nyam a wurina, ba don in wanke kaina ba. Shekara shida da suka wuce na sauka a Manchester, ɗakin da aka ce an kama min ya zama babu shi. Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly da akwati biyu, ruwa yana zuba, ba ni da kowa sai wata lamba da mahaifina ya rubuta min a bayan ambulan, ta abokinsa na firamare. Cikin minti ashirin Baba Nyam ya iso da lema. Wata biyar na yi a gidansu a Moston. Matarsa, Mama Clara, ta share min lungun sallah a falo, take zuwa har Longsight ta sayo naman halal, da azumi kuma ita ke buga min ƙofa lokacin sahur tana mita cewa barcina ya yi nauyi. Da mahaifina ya rasu, ban samu zuwa gida ba, Baba Nyam ne ya zauna a falonsa kwana uku yana karɓar gaisuwa. Tun da na koma Birmingham, Asabar ɗin farko ta kowane wata sai na hau jirgin ƙasa na je na durƙusa na gaishe su.

*

Na same shi a falo da singileti, yana goge baƙar kwat ɗinsa, lambobin yabonsa jere a kan tawul.

"Edita da kanta! Shigo, shigo. Clara, ga 'yarki ta zo da yunwar Birmingham."

Bayan gaisuwa ya miƙo min wani kati mai kauri. Gayyata ce. Lahadi ta sama, ranar tunawa da mazan jiya, ƙungiyarmu za ta ajiye fure a gindin dutsen tunawa na yankinsu, a kira sunanta a lasifika.

"Shekara goma sha ɗaya muna rubuta letter," in ji shi. "Kakanninmu sun mutu a Burma, ba wanda ya taɓa kiran sunansu a garin nan. Sai bana."

Na yi masa murna, kuma har zuciyata. Ya ce wani birgediya mai ritaya, Bature, shi ya shige musu gaba, kuma ya yarda zai zama uban ƙungiya. Ya ajiye dutsen guga a tsaye, ya zauna, ya ɗan yi gyaran murya.

"Shekaranjiya ya kira ni. Ashe yana ba wani kamfanin gyaran gidaje shawara. Ya ce wata jarida ta turo musu tambayoyi goma sha ɗaya, wai ko na san ta."

Na ajiye katin. Na ce, "Baba, ka san doka."

"Ni na rubuta ta. Ban ce ki nuna min komai ba, ba kuma zan ce ba." Ya ɗaga hannu biyu. "Tambaya ɗaya ce, ta uba. Kin tabbata? Matan bariki, 'yata, na san su tun ba a haife ki ba. Ɗan danshi a bango, kafin ya kai bakin mace ta uku ya zama ambaliya. Wata ma babban gida take so a canza mata, sai ta nemi mai biro."

"Ina da hotuna, Baba. Ina da takardar likita."

"Hoto! Yanzu wa bai iya hoto ba? Ke kin yi boko mai zurfi, amma zuciyarki taushi gare ta. Kowa ya zo miki da hawaye sai ki buɗe littafi."

Da ya daka min tsawa, da ya ce kada in buga, wallahi na san abin da zan yi. Na shirya wa wannan tun a jirgi, har jimlolin na haddace. Amma cikin dariya ya faɗa, da tausayi, kamar yana magana da yarinyar nan mai akwati biyu. Shi ne abin da na kasa haɗiyewa. Ina so mutumin nan ya san ba a yaudare ni ba. Ina so ya kalle ni ya ce, lallai Raki kin zama 'yar jarida.

Na ce a raina, ai ba labarin zan nuna masa ba, doka tana nan. Murya ce kawai, ba suna. Shi yana Manchester, su suna can, ina zai san ta? Duk wannan lissafin bai kai ƙiftawar ido ba. Na ciro wayar, na ajiye a kan tawul ɗin kusa da lambobinsa.

"Saurara da kunnenka, Baba, ka gaya min ko wannan ƙarin gishiri ne."

Na danna.

Muryar Celestina ta cika falon. Wai mun cika dafe-dafe. A Oktoba fa, Anti. Na ga murmushin Baba Nyam yana raguwa, na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi. Ba ta kai minti ɗaya ba Mama Clara ta turo ƙofar kicin da ƙafa, riƙe da tire na gwate, ta tsaya cak.

"Wayyo Yesu! Wannan ba Celestina ba ce? Matar Kambai? Me ya samu Shalom?"

Na kai hannu zan kashe, yatsana ya zame, muryar ta ci gaba. Sai a karo na biyu ta mutu.

"Mama, ba ita ba ce."

"Ke Raki! Ni za ki gaya wa? Yarinyar da ke tsayawa a hannun damana a waƙar zumuntar mata shekara huɗu? Ko tari ta yi a bayan ƙofa na san ta."

Na manta. Ni da na zauna wata biyar a gidan nan ina jin su suna gwajin waƙa, na manta Mama Clara ce uwar zumuntar mata ta 'yan arewa a duk faɗin Ingila. Sau uku a shekara suke haɗuwa, daga Leeds, daga Coventry, daga ko'ina, ita ke raba musu murya, wannan ta hau sama, wannan ta yi ƙasa. Babu macen cocinsu a ƙasar nan da ba ta sani da murya ba.

Baba Nyam ya sunkuyar da kai kan wayar. Da ya ɗago, idonsa da ƙwalla.

"Ashe 'yarmu ce. Jikarmu tana asibiti, mu ba mu sani ba." Ya girgiza kai. "To ai wannan maganar gida ce, Raki, ba ta jarida ba. Waya ɗaya zan yi wa birgediya, a gyara musu gida cikin sati."

"Baba, gida tara ne. Kuma don girman Allah kada ka kira kowa. Mijinta bai sani ba. Na yi mata rantsuwa."

"Ni za ki koya wa riƙon sirri? Ni da na riƙe na sojoji ɗari da ashirin?" Ya sassauta murya. "Ban ce kada ki buga ba. Sati biyu kawai nake roƙo. A bar tsofaffi su ajiye furensu, a kira sunan kakanninmu. In ya fita Litinin, mutumin nan zai janye, kin sani. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Mama Clara ta zuba min gwate a kwanon da nake ci a ciki tun ina gidan, ta tura min cokali, tana share ido tana cewa gobe za su sa Shalom a addu'a. Na ce mata don Allah kada ta ambaci suna. Ta ce to, za ta ce wata 'yarmu.

Na kalli kwanon, na kalli kwat ɗin da ke rataye, na ce, "To, Baba."

Kuma na cinye gwaten, har da ƙari.

*

A jirgin komawa na yi ta kare kaina kamar lauya. Sati biyu ba shekara ba ce. Ɗagawa ba sokewa ba ce. Ai Baba mutum ne mai amana. Har muka wuce Stoke ina wannan shari'ar, ina cin nasara. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban kira Celestina na gaya mata abin da na aikata ba. Na ciro lambarta sau uku, kunya ta hana ni dannawa.

Baba Nyam bai ci amana ba, a ganinsa. A wurinsa ba a gyara wa magidanci gida a bayan idonsa, rashin mutunci ne. Don haka ranar Lahadi bayan an taso daga coci ya kira Kambai, ya yi masa faɗa irin na uba, ya ce yaya jikarsa za ta kwanta asibiti sai a bakin 'yan jarida zai ji. Daga nan ya kira birgediya, ya ba shi lambar gidan.

Litinin da safe saƙo ya shigo min. Ba murya ba ce wannan karon, rubutu ne.

"Anti ki cire maganata. Na roƙe ki."

Na kira, ba ta ɗauka ba. Na sake kira, wayar a kashe.

A wannan safiyar ina da sauran mata bakwai, da hotunansu, da amsar kamfani. Da na cire Celestina na buga, labarin zai tsaya da ƙafarsa. Na buɗe shafin, na zauna a gabansa har shayina ya huce. Amma na riga na ce "To, Baba." Na rufe kwamfutar na tafi laburare.

Ranar Laraba motar kamfanin ta shiga layin da masu fenti uku da injin busar da bango. A ƙofar gida ɗaya ta tsaya. Gida goma sha biyu suna kallo ta labule, ba wanda ya buƙaci a gaya masa wadda ta yi magana, ko yadda sunanta ya isa sama. Kafin Juma'a matan nan bakwai sun janye ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar Ghana ce kawai ta tsaya yi min bayani. Ta ce, "Madam, kin ce ba wanda zai sani. To ita yaya aka yi aka sani?" Ta kashe wayarta.

Ranar Lahadi na je Manchester da kyamara. Ana yayyafi. Tsofaffinmu goma sha huɗu suka jeru da kwat da jan fure a ƙirji, wasu da sanda. Da aka kira sunan ƙungiyar a lasifika, Baba Nyam ya taka kamar mai shekara talatin, ya ajiye furen, ya ja da baya ya ƙame, hawaye suna bin kumatunsa. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Bayan an tashi ya jawo ni gaban birgediya, wani dogon tsoho mai fara'a, wanda ya kama hannuna da nasa biyu ya ce, "So this is our editor."

Na yi murmushi. Hoton da na ɗauka ranar shi na sa a shafin farko, kuma ya yi kyau ƙwarai. A ƙarƙashinsa wani soja da bai sa sunansa ba ya rubuta: "Mun ji an ce akwai labarin gidaje. Ina yake?" Ina da ikon goge sharhi a shafin. Na goge.

Sati biyun suka cika, Baba Nyam da kansa ya kira ni ya ce, "To Edita, yanzu sai ki buga abinki." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na ce masa babu sauran abin bugawa. Ya ce, "To madalla, ai an gyara." Talatar da ta biyo baya na aika wa uni cewa ba ni da lafiya, wani ya karɓar min ajin.

*

Sai tsakiyar Disamba na iya zuwa. Bas biyu na hau, na sauka na taka, da ledar lemo a hannu kamar mai zuwa dubiya. Layin shiru. Wata mata tana fitar da shara a gida na uku, ta kalle ni, ta kalli ƙofar da na nufa, ta koma ciki.

Kambai ne ya buɗe, cikin kaki, zai fita aiki. Ya gaishe ni da ladabi har yana ɗan rusunawa.

"Sannu da zuwa, Anti. Mun gode fa. Baba ya taimaka sosai, an yi mana aiki mai kyau." Bai kalli idona ba, bai kalli matarsa ba. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Gidan yana ta ƙamshin sabon fenti. Celestina ta kawo min shayi da biskit a faranti, ta zauna a bakin kujera, ta tambaye ni karatu, ta tambaye ni sanyi. Shalom tana makaranta. Na ajiye kofin na sauko ƙasa a kan gwiwoyina.

"Maman Shalom, ni ce. Ba wanda ya sace, ba wanda ya tilasta min. Da hannuna na kunna musu."

"Na sani. Mama Clara ta gaya min, tana ta ba ni haƙuri wai ba ta san sirri ba ne." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Tashi, Anti, kin girme ni. Na yafe miki. Dole ne ma, Kirsimeti ya zo, ina so in ci jibin Ubangiji a coci da zuciya ɗaya."

Na so a ce zagi na ta yi. Na koma kujera.

Ta ce an kira Kambai ofis, hira ce kawai aka ce masa, ta abokantaka, an tambaye shi ko akwai abin da ke damun iyalinsa da bai iya kawowa ta hanyar da ta dace ba. Jerin ƙarin girma ya fito satin jiya, babu sunansa. Ko saboda wannan ne, ko dama ba zai samu ba, ba wanda zai taɓa sani. Sati shida ke nan maganarsu ba ta wuce ina kwana da ga abinci. Matan layin kuma sun daina gaishe ta. Wasu sun ce ta sayar da su ta samu fenti.

"Kuma da gaskiyarsu," in ji ta. "Ni ce na bi su gida-gida na ce su yarda da ke."

Na ce zan sake gwadawa, zan nemi wasu matan a wani barikin, zan rubuta cewa Begila ta yi kuskure. Ta bar ni na gama. Sannan ta miƙe.

"Zo ki ga ɗakin."

Muka hau sama. Ɗakin Shalom fari fat, an liƙa taurari na takarda a silin, abin shaƙarta yana kan taga kusa da 'yar tsana. Celestina ta sa kafaɗa ta ture kabad ɗin kaya daga jikin bango.

A bayansa, ta cikin sabon fentin, ɗigo-ɗigo baƙaƙe sun fara fitowa, sun kai tsayin gwiwa. Na kai yatsa na taɓa. Bangon sanyi ƙalau, a jiƙe.

Hannuna ya tafi aljihu da kansa, wajen waya. Ta kalli hannun. Na fitar da shi ba komai.

"Ba don ki rubuta na nuna miki ba," ta ce. "Don ki gani ne. Baban Shalom bai sani ba, kuma ba zan sake kiran kowa ba."

Muka tsaya muna kallon bangon. A ƙasa agogon kicin ya buga uku, lokacin ɗauko yarinya ya yi. Ta koma gefen kabad ɗin ta tura, ƙafarsa ta maƙale a kafet, ya ƙi motsi.

"Kama min, Anti."

Na kama ɗaya gefen, muka mayar da shi tare.